Ranar da na yi murna mota ta na neman mutuwa

Wata biyu kenan Camry ɗina ƴar 1999 tana wani ƙara kas-kas-kas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani duk sanda na taka totur a hanyar Daura, ga wutar cek injin ta ƙi mutuwa. Na canza fulogi, na canza gidan mai har sau uku don nace ko man ne ba kyau, duk a banza, kuɗi dai sun tafi.

Ranar Asabar na kai ta wajen wani dattijon bakanike can wajen Ƙofar Kaura, yaronsa ya jona kwamfuta ta fiddo P0401. Nace Baba mi kenan? Yace EGR ce, wani bawul ne da ke maido hayaƙin salansa kaɗan cikin injin don zafin ƙonewar mai ya ragu, in hanyar ta toshe zafin ya yi yawa shine kake jin wannan ƙarar, in kuma ya maƙale a buɗe silo ne zai lalace mota ta dinga mutuwa a danja.

To gwajin ne ya ban mamaki wallahi. Ya bari injin yayi zafi yana silo, ya zare ɗan siririn tiyon da ke kan bawul ɗin ya sa wani tiyo mai tsabta ya zuƙa da baki, yace sa yatsa nan ƙasa a hankali da zafi fa, naji robar ciki ta ɗaga. Amma injin ko gezau. Yace ka gani, bawul lafiyarsa lau, da hanya a buɗe take da yanzu injin ya fara kakkarwa ko ya mutu.

Aka kwance ƙusa biyu aka cire bawul ɗin, ramin da hayaƙin ke bi cike da kunkunniya ta daskare kamar gindin tukunyar ƙosai, yaron ya fi rabin awa yana sakace shi da waya yana fesa maganin wankin kabureta. Wani da ke zaune a benci yace a yanko gwangwanin madara a toshe wajen kowa ya huta, nidai ban yarda ba, ai toshewar ce ta kawo ni.

Da aka maida Baba ya sake zuƙa, injin ya hau rawa kamar mai masassara, saura kaɗan ya mutu, ni kuma ina ta washe baki har yaron na min dariya. Da la'asar na tafi Mashi na dawo, ban ji tsakuwar nan ba ko sau ɗaya.