Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Pillars Ta Nemi Hanyar Dawowa

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya miƙa mini makullin shago, ya ce idonsa ya daina ganin kafar allura. Yau zan ba ku labarin shekarar da ta biyo baya, kuma ba yadda zan yi in ba da shi ban sako Kano Pillars a ciki ba, domin a gidanmu abinci da ƙwallo a kwano ɗaya suke.

Baba tsohon ma'aikacin WRECA ne, wato hukumar ayyukan ruwa ta jihar Kano, kafin ya kama ɗinki. Ƙungiyar ƙwallon ma'aikatarsu na cikin guda uku da aka haɗe a 1990, ita da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Pillars. Shi ya sa ba ya cewa yana goyon bayanta, sai dai ya ce tasu ce. Ni kuma na taso na tarar da wani reshe na sana'armu ya rataya a wuyanta: tutoci, huluna, ƙyallen ɗaurawa a wuya, da rigunan yara masu ruwan ɗorawa da kore. Duk ranar wasan gida yarana biyu sukan ɗauki kaya su tsaya a bakin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kafin a busa usur na farko sun sayar da rabi. Da wannan ciniki na yi wa ƙanwata kayan ɗaki.

To, sai ga kakar 2022. Bayan dogon zaman da ƙungiyar ta yi tana buga wasanninta na gida a Kaduna, aka dawo Kano cikin azumi, a watan Afrilu, aka karɓi baƙuncin Katsina United. Abin da ya faru ranar kowa ya sani: wasu da ke kiran kansu magoya baya suka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ƙwace mana maki uku, ta ci mu tara, ta kora mu Abuja. Zuwa watan Yuli mun faɗa gasar 'yan dagaji, mu da Katsina United ɗin, da Heartland ta Owerri, da MFM ta Legas. Ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa a 2008, ta jera shi sau uku daga 2012 zuwa 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Afirka a 2009, ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba sai da Nasarawa United ta zo a 2015. Har yau ina jin zafin waɗanda suka ɗauki dutse ranar nan. Ba su taɓa sayen tuta a hannuna ba, na tabbata, don mai son ƙungiya ba ya janyo mata abin da zai hana ta wasa a garinsu.

Abin bai tsaya a fili ba, har Kantin Kwari ya biyo ni. Alhajin da nake ɗaukar yadi a wurinsa Bakatsine ne, kuma tun zamanin Baba yake ba mu kaya bashi, a biya bayan sallah. Da na je wurinsa bayan rikicin, ya amsa gaisuwata, amma bai ce in zauna ba.

"Malam tela, yanzu haka ake karɓar baƙo a Kano?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Wallahi ba da yawunmu aka yi ba."

Ya auna mini yadin, bai hana ni bashi ba, sai dai hirar ƙwallo da muka saba yi ta mutu a tsakaninmu. Wata da watanni in na je, lissafi kawai muke yi in tashi.

Wanda bai taɓa bin ƙungiya a rukuni na biyu ba, ba zai gane wahalarsa ba. Farkonta ma jira ne. Gasar Firimiya ta Najeriya ta fara a Janairun 2023, mu kuwa muna zaune, sai da shekara ta yi nisa kaɗan aka buɗe tamu, a tsakiyar hayaniyar zaɓe da ƙarancin takardun naira. Mutumin da ya wuni a layin banki bai samu dubu biyu ba, ina zai tuna da hular Pillars? Na kwashe tutocin da na ɗinka na zuba a buhu, na tura ƙarƙashin teburin yanka. Ɗaya daga cikin yarana ya bar ni ya koma tuƙin adaidaita sahu, ban kuma ga laifinsa ba.

Sannan ita gasar kanta ba ta da gata. Ba a nuna ta a talabijin, gidajen kallo suna can suna haska Arsenal da Manchester City suna tseren kofin Ingila. In an yi wasan waje, sakamakon sai dai ka jira shirin wasanni na rediyo, ko yaron da ya rage mini ya duba Facebook ya ce, "Oga, an tashi canjaras." Filayen da ake zuwa wasu ba ciyawar kirki, kuma duk ƙaramar ƙungiyar da ta ji Pillars ce za ta zo, ranar ce sallarta, za ta buga kamar ranta zai fita. Neman kofi yana da daɗi, ko ka rasa ka zo na biyu ana tafa maka. Neman hawa kuwa ba na biyun da ke da amfani in ba ya cikin gurbin da ake ɗauka. Ka kuskure, ka sake shekara guda a ƙasa, manyan 'yan wasanka su watse, masu ba da kuɗi su ja baya. Akwai ƙungiyoyi masu suna da suka sauka ba su sake dawowa ba. Baba ya sha ambaton Raccah Rovers, wadda ta ci kofin ƙasa a 1978, yana cewa yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba. Tsoron da ke ransa ke nan, ko da bai fito ya faɗa ba.

Abin da ya riƙe ni a shekarar shi ne Rabi'u Ali. Kyaftin ne, ana yi masa laƙabi da Pele, ya haura shekara 40, ya ci duk abin da ake ci a ƙwallon cikin gida, da ya ce ya rataye takalmi ba wanda zai zarge shi. Bai tafi ba. Ya sauka tare da ƙungiyar, ya shiga motar nan ana bin hanyoyin da ba su da kyau, yana buga wa 'yan kallo kaɗan irin bugun tazarar da ya saba buga wa cikakken fili. Kullum na karanta wa Baba sunayen waɗanda aka sa a wasa, tambayarsa ɗaya ce: "Pele yana ciki?" In na ce yana ciki, sai ya gyara kwanciya ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Koci Evans Ogenyi ne ya ja ragamar ƙungiyar a wannan kakar, kuma ina ganin Kanawa ba su yi masa godiyar da ta kamace shi ba.

Aka gama zagayen rukuni muka samu shiga wasan ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, wanda aka kai filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba a jihar Delta. Huɗu daga Arewa, huɗu daga Kudu, biyun farko a kowane ɓangare su hau. Wasa uku kacal, a kansu wahalar shekara guda ta rataya. A ɓangarenmu akwai DMD ta Borno, da EFCC ta Abuja, sai kuma Katsina United.

Na so zuwa ƙwarai. Amma an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, lita ta haura naira 500, kuɗin mota daga Kano a bi ta Abuja da Lokoja zuwa Asaba ya fi ƙarfina. Ga shi wasannin sun faɗo a ƙarshen Yuni, daidai kwanakin babbar sallah, lokacin da tela ba ya da ikon kansa. Don haka a kan keke na bi su, ƙafa tana taka feda, kunne yana wurin rediyo, kayan mutane jibge a gabana. Ranar da lissafi ya tabbata cewa mun hau, ihun 'yan unguwa na fara ji kafin yarona ya gama karanta saƙon. Na bar rigar da nake kai a ƙarƙashin allura na ruga gida. Baba yana zaune a zaure, rediyonsa a cinya, ya riga ni ji. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗauko tutocin nan da ka ɓoye." Ashe ya san inda na tura su. A daren nan buhun ya ƙare, masu babura da adaidaita sahu suka saye su tas, har da yaron da ya bar ni, ya ɗaura guda biyu a kekensa.

Heartland ce ta ɗauki kofin a wasan ƙarshe, abin bai dame ni ba. Mu huɗu muka hau: Pillars, Heartland, Sporting Lagos da Katsina United. A hanya muka yi kiciɓis da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists da Nasarawa United da Dakkada suna sauka, na kuwa tausaya wa telolin Maiduguri da Bauchi da Lafiya.

Bayan sallah na je Kwari biyan bashi. Alhaji ya hango ni tun daga nesa, ya sa yaronsa ya jawo benci.

"Malam tela, tare muka faɗa, tare muka fito. Yanzu sai ku zo Katsina mu nuna muku yadda ake karɓar baƙo."

Na ce, "In Allah ya yarda, Alhaji, ni zan ɗinka tutar da za mu zo da ita."

Ya sa aka kawo mana fura, muka yi hirar ƙwallo har aka kira la'asar, sannan ya ƙara mini bandir biyu, ruwan ɗorawa da kore, ya ce in biya in an fara kaka. Da waɗannan bandir biyu na shiga harkar ɗinka wa makarantu da ƙungiyoyin unguwa rigunan wasa, wadda ta kai ni ga sayen keken lantarki na farko. Yadda aka yi na samu kwangilar farko, da rashin lafiyar da ta kwantar da Baba a daidai lokacin, su zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.