Buroshin lantarki a kan gashi mai cika: yadda ake miƙar da shi ba tare da an ƙona shi ba

Mai gashi mai cika da tauri ta san halinsa: a wanke shi ya tsuke, ya bushe ya cukurkuɗe, mataji ya ƙi shiga. Buroshin lantarki yana iya miƙar da irin wannan gashi, amma shi ne mataki na ƙarshe a aikin, kuma yawancin ɓarnar da ake gani tana zuwa ne daga ɗora shi a kan gashin da ba a shirya ba.

Da farko ki san wanne ke hannunki, domin iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai hura iska kamar draya, wanda aka yi don gashi mai ɗan danshi. Akwai kuma mai faranti a ƙarƙashin haƙoransa, wanda ke ɗaukar zafi kawai ba ya hura komai. Wannan na biyun nake nufi, kuma ba ya taɓa gashi sai ya bushe ƙarau. Ki duba rubutun da ke jikinsa kafin ki jona: wutarmu 230V ce, don haka wanda aka kawo tsaraba daga Amurka, in 120V kaɗai aka rubuta masa, zai ƙone. Ki nemi mai 220–240V ko 100–240V, kuma mai nuna lambar zafi. Wanda ke da maɓallin kunnawa da kashewa kawai, ba ki san da wane zafi yake gasa miki kai ba.

In kitso kika tsefe, ki taje kafin ruwa ya taɓa kan, in ba haka ba gashin da ya zube a cikin kitson zai dunƙule da sauran. Ki wanke da shamfu sau biyu don man da ya taru ya fita, ki sa kwandishina ki bar shi minti 15 zuwa 20, ki taje da mataji mai faɗin haƙora tun yana kai, daga bakin gashi zuwa tushe, sannan ki ɗauraye.

Busarwa ita ce inda ya kamata ki kashe lokacinki. Ki raba kan gida shida ko takwas, ki yi manyan kalaba ko ki ɗaure da zare, ki bar shi ya kwana. Gashin da ya bushe a miƙe ya riga ya yi rabin tafiya, buroshin kuwa zai ratsa shi ba tare da fizga ba. Gashi mai cika yana yaudara: sama ya bushe, tsakar kai da ƙeya suna nan da sanyi. Ki cusa yatsa har fatar kai ki ji. In akwai ruwa a cikin silin gashi aka ɗora masa zafi, ruwan zai tafasa a ciki, ya bar ƙananan kumbura a jikin silin, daga baya ya karye a daidai wurin. Ƙarar “cuuu” da tururi alama ce ta ki ajiye buroshin nan take.

Kada ki shafa man kaɗanya, man kwakwa ko basilin kafin zafi. Suna da amfaninsu, amma a nan hayaƙi za su yi, su sa gashin nauyi da ƙauri, su kuma daskare a tsakanin haƙoran. Abin da ake so shi ne maganin kare gashi daga zafi, na fesawa ko mai santsi irin na silikon. Kaɗan ya isa kowane kashi, kamar ƙwayar wake in mai santsin ne. In na fesawa ne, ki jira ya bushe.

Batun zafi kuwa, ki fara daga ƙasa. Gashin da aka sa wa rilaksa ko rini ya riga ya yi rauni, kada ya wuce 150 zuwa 160°C. Gashi mai kauri wanda ba a taɓa sa masa komai ba, ki fara da 180°C, ki ƙara zuwa 190 ko 200 in ya ƙi. Buroshi da yawa suna kaiwa 230°C, wato kusan 450°F, amma kasancewar lambar a jiki ba dalili ba ne na zuwa can. Ki gwada a kan ɗan sili a ƙeya tukuna.

Ki warware kashi ɗaya, sauran su zauna a ɗaure. Ki ɗebi gashi mai faɗin yatsu biyu, ki bi shi da mataji, ki riƙe bakinsa da ɗaya hannun ki ja shi ya miƙe. Ki sa buroshin ta ƙasan gashin, haƙora suna kallon sama, kusa da tushe amma ba a kan fata ba, ki tabbatar gashin ya nutse har ya taɓa farantin. Sai ki ja a hankali, kamar sakan biyar zuwa takwas gwargwadon tsawo, ba tsayawa a wuri ɗaya. Ki sake bi sau ɗaya ta sama. Sau biyu ya isa, uku ne iyaka. In bai miƙe ba, kusan kullum ɗiban ne ya yi yawa: na waje yana shan zafi, na tsakiya bai ji komai ba. Ki rage ɗiba maimakon ƙara wuta. Gashin goshi da na gefen kunne su ne na ƙarshe, da zafi mafi ƙasa, bi ɗaya. Atach kuwa roba ce, narkewa za ta yi.

Ki bar kowane kashi ya huce kafin ki ɗaure shi, domin a lokacin hucewa ne yake riƙe sabon fasalinsa. Bayan nan ne ɗigon mai biyu ko uku a tafin hannu yake da wuri. Kada kuma ki sa ran sulɓi irin na sitirecha. Buroshi ba ya matse gashi tsakanin faranti biyu, abin da zai ba ki shi ne gashi miƙaƙƙe mai laushi da cika.

Ruwa ne ke mayar da shi yadda yake. Shi ya sa a hunturu yakan kai mako guda, a damina kuwa da ƙyar ya yi kwana biyu. Gumi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, da shafar kai a alwala, za su fara tsuke tushe da gashin goshi. Hakan ba lalacewa ba ce, kada ki riƙa bin sa da buroshi kowace safiya. Ki naɗe kan da ɗankwalin satin da dare, ki bar zafi sai bayan wanki na gaba, tazarar mako biyu zuwa huɗu.

Wankin nan na gaba shi zai nuna miki yadda aikin ya kasance. In duk gashin ya koma murɗiyarsa, zafin ya yi daidai. In wasu silai sun tsaya a miƙe, sun yi laƙwas kamar zare, sun ƙone ke nan, kuma babu man da zai dawo da su. Ki ajiye buroshin wata biyu ko uku, ki koma kitso marar tsauri, ki riƙa datse bakin da almakashi kaɗan-kaɗan har sabon toho ya maye gurbinsu.