Wane kati zan yar, kuma yaushe?

Da yawa a Kaduna in aka ce karta, Whot ke zo musu a rai, ko kuma caca. Birij daban ne. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kati 52 iri huɗu (sifed, zuciya, daimon da kulob), kowa 13, a kowane zagaye kowa ya jefa ɗaya, kuma maki ake ƙirgawa. Tsarin makin da ake bi yanzu ya samo asali ne daga wani Ba'amurke, Harold Vanderbilt, a 1925. Ni a wurin wani dattijo na koya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Barnawa, wanda ba ya haƙuri da mai saurin hannu.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne matsayin mai kwangila, wanda ya ɗau alkawarin cin adadin zagayen da aka tsaya a kai. Da zarar abokin hamayya ya jefa katin farko, abokin wasanka zai shimfiɗa nasa a fili ya naɗe hannu. Kati 26 ke nan a wuyanka. Baba kan ce, "Ɗana, kar ka taɓa komai sai ka ƙirga inda za a ci ka."

Ga hannun da ya fi maimaita mini. Kwangila sifed huɗu ce, wato sifed ne katin yanka, mai cin sauran iri in ba ka da wanda aka jefa, kuma sai na ci zagaye 10, uku kawai zan iya bari. An fito da sarkin zuciya. Ina da as na zuciya, wanda ya fi sarki, da ƙanana biyu, a shimfiɗa ma ƙanana uku ne, biyu sun tafi ke nan. As na sifed ba ya wurinmu, as na kulob ma haka. Huɗu. Ɗaya ya yi yawa. Mafita tana daimon: as da ƙarami a hannuna, sarki da sarauniya da ƙarami a shimfiɗa. A zagayen daimon na uku ba ni da ko ɗaya, sai in yar da ƙaramar zuciya a kan sarauniya.

Abin da ake fara koya wa ɗan koyo shi ne ya zare katin yanka daga hannun abokan hamayya tukuna. A nan kuwa shawarar ce za ta kashe ka. Kana jefa sifed za su karɓa da as, su kwashe zuciya biyu, su ƙara da as na kulob, shi ke nan kwangila ta rushe, daimon ɗinka na zaune ba su tsinana komai ba. Dole a fara da daimon, kuma as na hannu ne farko, sannan ƙarami zuwa sarki, don ka ƙare a shimfiɗa inda sarauniya take. Ka juya tsarin, ka kulle kanka a waje.

Na ce, "Baba, in wani ya yanka fa?" Ya ce zai iya. Daimon takwas ne a wurinsu, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna rabuwa 5 da 3 ko 4 da 4, zagaye uku su wuce lafiya. Ɗaya hanyar kuma faɗuwa ce tabbas.

Sai wata rana ya sake raba katin nan, amma aka fito da kulob. Muddin as na zuciya na nan yana tsare ƙofa, ba gaggawa: a zare sifed, daimon su jira, ba sai an ɗau kasadar yanka ba. Kati ɗaya, fitowa daban, shiri ya canza gaba ɗaya. A ganina wannan ya fi duk wata ƙa'idar haddacewa amfani, domin asara iri biyu ce, wadda za a karɓa nan take in ka saki ragama da wadda sai an yi mata hanya.

Saura zaɓen abin yarwa. Hannu kan tafi ga mafi ƙanƙantar kati, alhali ƙanƙanta ba ita ce ma'auni ba. In kana da ƙaramin kulob da za ka iya yankawa a shimfiɗa, yar da shi ɓarna ce, domin dama ba za a ci shi ba. Zuciyar da ba ta da wata mafita ita za ta tafi.