Fim ɗin Lord of the Flies da abin da na gani a ajin adabi

Duk malamin adabin da ya taɓa koyar da Lord of the Flies na William Golding ya san ɗalibai ba sa son karanta shi, sai dai su ce malam ba shi da fim ne? To akwai, har biyu ma, kuma nan ne rigimar take.

Littafin ya fito a 1954, labarin yara ƴan makarantar Ingila da jirginsu ya faɗi a wani tsibiri ba babba ko ɗaya, a hankali suka koma farautar junansu. Peter Brook ya yi fim ɗinsa a 1963, baƙi da fari, ya kwashi yaran da ba su taɓa aktin ba ya kai su Puerto Rico, aka ɗauki hoto na kusan awa 60 aka tace ya koma kamar minti 90, har gasar fina-finai ta Cannes a Faransa ya shiga. Na Harry Hook kuwa na 1990 mai kala ne, tsaf-tsaf, amma masu sharhi da yawa ba su raga mai ba.

Ɗalibaina fa na 1990 suka fi so, wai na farkon bacci yake sa su. Ni kuma a wajen makin na gane dalilin masu sukar. Hook ya maida yaran Amurkawa ƴan makarantar soja masu ashar, alhali duk nauyin littafin yana kan cewa waɗannan yaran masu tarbiyya ne, Jack ma, yaron da ya jagoranci muguntar, shugaban ƴan waƙar coci ne, to in ka ce min yaron da ake koya wa faretin soja ya zama mugu ai ba wani mamaki zan yi ba. Sannan dodon da suke tsoro a littafi gawar wani ne da ya faɗo da lema, a fim ɗin Hook kuma matuƙin jirgin ne ya rayu ya zauce ya shige kogo. Haka na dinga ganin "matuƙi a kogo" a takardun jarabawa, wallahi daga layi na biyu nake gane wanda bai buɗe littafin ba.

Yanzu sai mun gama karatu nake kunna fim, kuma aikin gida shi ne kowa ya kawo min abin da darakta ya canja da abin da canjin ya ɓata. Mutuwar Piggy, yaron nan mai tabarau da aka kashe, ita ce dai ba a musu a kanta, ko a wanne fim ajin tsit yake yi.