Kafin ka ja kujera a Unguwar Rimi

Ƙannena, tun da aka fara gyaran titunan Kaduna a 2019, wuraren cin abinci na 'yan gayu suke ta ɓullowa, daga titin Isa Kaita zuwa Unguwar Rimi da Malali, har ƙetaren gada a Barnawa. Ba zan hana ku zuwa ba. Ni ma ina leƙawa, kuma akwai inda gasasshen kifinsu ya ci kuɗinsa. Amma ku sani, kunya ta fi yunwa cin kuɗi a irin wuraren nan.

Farkon fara ɗaukar albashina, na ce wa abokaina mu haɗu bayan isha'i. Na manta cewa a wurinmu wanda ya ce "ku zo mu je" shi ke da biya. Kowa ya zo da nasa abokin. Da aka miƙo takardar jerin abinci, sai na ƙi kallon gefen farashi don kada a ce ƙaramin alhaji ne. Yaron da ke hidima ya sunkuyo ya ce, "Yallaɓai, a ƙaro kaza?" Wannan yallaɓan ne ya kai ni ya baro. Na ɗaga masa kai kawai.

Da rasit ya zo, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda gwamnatin tarayya ta ɗaga daga kashi 5 a 2020, ga kuma kuɗin hidima a ƙasansa, duk ba su cikin farashin da aka rubuta. Na'urar POS ta ƙi karɓar katina, don abin da ke ciki bai kai ba. Haka na zagaya bayan motoci na kira yayana. Ya turo kuɗin, amma har yau in muka haɗu sai ya tambaye ni, "Ina labarin kaza?"

Saboda haka ka tambaya tun kana tsaye: farashin nan har da haraji? In ku da yawa ne, a gama magana tun a waya, kowa zai biya nasa ko karo-karo za a yi. Wanda ya ji haushin wannan, dama cin banza ya kawo shi.

Ka fi sa ido a kan abin sha, don a nan ribarsu take. Za a kawo maka dogon kofi, rabinsa ƙanƙara, an soka yankan lemon tsami a baki, an jefa ganyen na'ana'a, an laƙaba masa sunan Turanci. Ka kurɓa ka ji, zoɓo ne da citta da abarba, irin wanda ake ƙullawa a leda a Kasuwar Barci. Zoɓon ba shi da laifi, kujera da sanyin ɗaki da wutar janareta kake biya. In ka san haka ka saya, babu komai. Ruwan gora ma in an dire maka ba ka nema ba, tambayi kuɗinsa kafin a murɗe murfin.

Shisha kuwa taba ce da aka yi wa ƙamshin tuffa, ana hura ta da gawayi, baki da yawa a kan tiyo ɗaya. Bar ta.

Wata dabara da na koya a makare: kada ka je da yunwa. Ka fara tsayawa wurin mai masa ko mai tsire na unguwarku, sannan ka je can ka ɗauki abu ɗaya ka yi hirarka.

Ku kuma ƙannena mata, ko wa ya gayyace ku, ku riƙe kuɗin abin da kuka ci da na komawa gida a jaka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma mai Keke Napep da ya ga kin fito daga irin wurin nan da dare, ki ce masa Kawo ko Rigasa, ba zai faɗa miki kuɗin rana ba. Ki gaya wa wani a gida inda kike, ki kuma tashi tun titi da sauran mutane.