Godiya: An Sallamo 'Yata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya bayan la'asar aka sallamo 'yata daga asibiti, kwananmu 8 a can. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi mini uzuri, hankalina ba ya jikina.

Shekararta 9. Kusan wata guda ruwa ba ya isarta, ta tashi fitsari sau 4 kafin asuba, har fitsarin kwance da ta daɗe da bari ya dawo. Ga ci, ga rama. Muka ce zafin gari ne, muka ce taifot ne. Kakarta ta lura tururuwa na yanyame inda ta yi fitsari, amma wa zai kawo ciwon suga ga 'yar aji 4? A saninmu cutar manya ce.

Sai ranar da ta kama amai, numfashi na fita sama-sama, ido na lumshewa. Nas ta tsire mata yatsa ta ɗiga jinin, na'urar auna suga ta kasa ba da lamba, sai ta rubuta HI, wato sugan ya yi yawan da ya fi ƙarfinta. Ba na fatan maƙiyina ya ga daren nan.

Likita, Allah ya saka maka da alheri. Bayan ƙarin ruwa da insulin (sinadarin da ke saukar da sugan jini) da suka dawo mana da ita, akwai abin da ka yi da ba zan manta ba. A gaban dangi ka ce wannan ciwon suga nau'i na ɗaya ne, garkuwar jikinta ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, ba alawa ce ta jawo ba, ba kuma sakacin uwarta ba. Da ma an fara ƙananan maganganu, kalmarka ta kashe su. Ka kuma fahimtar da Baffa cewa metformin ɗin da yake sha na nau'i na biyu ne, ita allura za ta riƙa yi kullum, iya rayuwa.

Sista mai aikin dare, da lemo kika koya wa mahaifiyarta tsira allura har hannunta ya daina rawa. Ke kika nuna mana a riƙa sauya wuri tsakanin ciki da cinya, kuma in babu wuta a ajiye maganin cikin sanyin randa. Mun gode.

Yaya, kuɗin da ka turo ban tambaye ka ba, Allah ya mayar da ninki. Malamar ajinsu ta karɓi ƙwayoyin suga ta ajiye a jaka, ko da ta ga yarinya na gumi da rawar jiki, alamar sugan jininta ya faɗi. Maƙwabta kuwa sun riƙe mana ƙannenta kamar nasu.

Masu kawo sassaƙe da garin magani, na san ƙauna ce, amma ba za mu ajiye allura ba.

Mai zuwa dubiya, muna gida bayan magariba. Don Allah kada a riƙo mata lemon kwalba. In ana jin nauyin zuwa hannu rabbana, tana son fensir mai kala.