Darasin gwajin Trovan: yardar iyaye a lokacin annoba

A Hausa kalma ɗaya ce, "gwaji", ake amfani da ita wajen ɗibar jini a duba zazzaɓi da kuma jarraba sabon magani a jikin mutum. Mahaifin da ya ɗauko ɗansa wuya ya sanƙare, aka ce masa za a yi gwaji, na farkon zai ji. Duk mai aikin binciken lafiya a ƙasar Hausa ya kamata ya fara da sanin wannan, kuma abin da ya faru a Kano a 1996 ya isa misali.

A shekarar, sanƙarau ya hallaka dubban mutane a Arewa. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya ɗauki yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganinsa Trovan, rabi kuma ceftriaxone, maganin sanƙarau da aka riga aka tabbatar, don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki. Iyaye da dama sun ce ba su san bincike ake yi ba. Babu takardar da wani ya dangwala wa hannu, saboda haka aka rasa abin da zai raba gardama. A wannan asibitin kuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ba da chloramphenicol kyauta, maganin da aka riga aka sani. Faɗa wa iyaye cewa akwai wannan zaɓin wajibi ne.

Yadda ake neman yarda a aikace: a rubuta takardar neman yardar da Hausa, sannan a ba wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwada a ga inda ma'ana ta zame. A faɗa ƙarara cewa ba a tabbatar da maganin ba tukuna, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi maganin da yaro zai samu, ba likita ba. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, ya dangwala yatsa, a ba shi kwafi. Kada a tambaye shi "ka gane?", domin kunya da girmama likita za su sa ya ce e. A ce ya maimaita da bakinsa: me za a yi wa yaron, kuma idan ya ƙi me zai faru. In bai iya cewa "za a duba shi duk da haka" ba, ba a gama bayani ba. Ya fi kyau ma mai neman yardar ya zama daban da mai kula da majinyacin.

Akwai kuma zalunci da ke ɓuya a cikin alƙaluma. Bayan allurar farko ta miligiram 100 a kowane kilo na nauyin yaro, an rage ceftriaxone zuwa 33. Kamfanin ya ce don rage zafin allura ne kuma adadin ya wadatar. Amma duk lokacin da aka rage ƙarfin maganin da ake kwatantawa da shi, sabon zai fito da kyau fiye da yadda yake, yaran ɓangaren kuma su ne ke ɗaukar hatsarin. Shi ya sa kwamitin ɗa'a, mai ba da izinin yin bincike a kan mutane, ke duba adadin magani na ɓangarorin biyu, da ƙa'idar da ta ce bayan awa nawa za a sauya wa yaron da bai samu sauƙi ba magani. Izinin kwamitin kuma kafin a taɓa majinyaci na farko ake karɓarsa. A batun Kano, daga baya aka gano an mayar da kwanan watan takardar izinin baya.

A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da Trovan saboda illa ga hanta. A 2009 Pfizer ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Kafin nan, a 2003, da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.